Shanu ma suna son rumbunsu

Ɗan'uwa manomi mai kiwo, kaka ta yi. Ka yanke hatsi, ka ɗaure damma, ka cika rumbu. To, shanu fa? Ina nasu rumbun?

A ƙasarmu ruwa yana ɗaukewa cikin Satumba ko Oktoba. Sabon haki kuwa sai Yuni, wata shekara ma sai Yuli. Wata 8 ke nan, kwana 240. Babbar saniya tana cin kamar kilo 6 na busasshen abinci kowace rana. Ɗauki alli ka yi lissafi: 6 sau 240, kilo 1440. Saniya guda ke nan fa! Daji yana taimakawa, amma ka sani gonaki sun ci daji. In bazara ta kama, ba abin da ya rage sai rairayi.

Ga shawarata. In kana da shanu biyar, abincin da ka tara kuwa na huɗu ne, saida guda tun yanzu. Yanzu take da ƙiba, yanzu take da kuɗi. Fidda tsohuwa, ko wadda ta daina haihuwa. Da kuɗinta ka sayi dusa da harawa tun ba su yi tsada ba.

Na san abin da za ka ce: "Haba, in saida saniya ba biki ba suna? Sai a ce na talauce." Bari su ce. Tambayi makiyayan arewacin Dakoro abin da suka gani a 2010. Haki ya ƙare, aka kai shanu kasuwa ƙashi da fata, mahauta suka saye su kuɗin banza. Waɗansu ko kasuwar ba su kai ba. Da ruwan farko ya sauka, raunanan suka kwanta cikin sanyi, ba su tashi ba. Tsofaffi sun ga irin wannan a 1984.

Sannan ka kula da abin da ka tara. Cire harawar wake da ta gujiya tun ganyen yana kore. Ta sha iska, ka ɗaure, ka ɗora bisa rumfa, ka rufe. Harawar da rana ta dafa har ta yi fari, ƙarfinta ya tafi. Karan dawa kar ka zuba shi dogo, sare shi gutsu-gutsu, ba su tattake rabi. Yara su tsinto ƴaƴan gawo cikin rani.

Kar ka taɓa harawar nan cikin ɗari, lokacin da gonaki suke da kara. Aje ta sai Afrilu da Mayu. Fara da mai ciki, da mai shayarwa, da shanun da za su ja maka galma.