Jihar Yobe Ba Hamada Ba Ce Zalla

Ɗalibai da yawa a Unguwar Boro, kudancin birnin Kaduna, sun ɗauka Jihar Yobe rairayi ce zalla. Wannan zato kuskure ne. A shekarar 1987 wani makiyayi mai haƙar rijiya a Dufuna ya tono kwalekwalen da masana suka ƙiyasta ya kai shekara 8,000. Har yau tsuntsayen Turai sukan sauka a fadamun Haɗeja da Nguru lokacin hunturu. Sai dai madatsun ruwa na Tiga da Chalawa sun rage ambaliyar da ke rayar da fadamun. Wajibi ne malaman labarin ƙasa su gyara wannan fahimta, domin wanda ya ɗauki wuri hamada ba zai damu ba in ya ƙafe.