Wa Ke Leƙa Ajin Malami?

Kowace shekara, da sakamakon BEPC ya iso Ɗan Kassari, sai a ɗora wa yara laifi. Wannan zalunci ne! Tun 1998 Nijar ta soma ɗaukar malaman sa-kai, sannan ƴan kwantaragi, har ta kai ana miƙa wa saurayi alli a koleji ba tare da horo ba. Sau nawa mai duba malamai yake fitowa daga Dogon Dutsi a shekara? Alhali magani bai cin ko dala: malamin lissafi ya zauna bayan ajin ɗan'uwansa, ya saurara, su gyara wa juna. Ko ɗan kasuwa bai barin yaron shago babu leƙe. Daraktoci, ku ware awa guda kowane mako. Me kuke tsoro?