Ramukan Kuza Na Filato: A Je A Gani, Amma Kada A Shiga

Kakana ya yi aikin kuza a Bukuru, kuma har Allah ya yi masa rasuwa bai daina ba mu labarin sanyin wurin ba. Yakan ce tun duku-duku suke gangarawa rami, kwanon ƙasa a ka, ƙafa cikin ruwa, haƙora na kaɗawa. Shi ya sa da abokan yawona suka ce tafiyar bana sai Filato, don a ga tsofaffin wuraren haƙar kuza, ni na fara cewa a sa sunana. Mun je cikin watan Janairu, motoci uku, mutum goma sha ɗaya, mun kuma dawo lafiya. Abin da na gani a tafiyar ne ya sa nake son yin magana da matasanmu da suka fara sha'awar irin wannan yawo na barin kwalta a shiga daji.

Ra'ayina a fili yake. Waɗannan wurare sun cancanci a je a gan su, domin tarihinmu ne kwance a can. Amma duk wanda zai je, ya tafi cikin ayari mai shugaba, da ɗan gari a gaba, ya kuma ƙudurta a ransa tun daga gida cewa ba zai zura ƙafarsa cikin rami ko kududdufi ba.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka Bature ne ya kawo sanin kuza. Tun kafin zuwansa mutanen Riruwai, da ke ƙaramar hukumar Doguwa a jihar Kano ta yau, suna narka ta su mai da ita sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwa. Bin sawun wannan haja ne ya kai Turawa tsaunukan Jos a farkon shekarun 1900. Saboda kuza aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya isa yankin Jos da Bukuru a 1914, ya yi aiki har 1957. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, an ɗebi dubban talakawa daga lardunan Arewa aka kai su aikin tilas a ramukan, kuma da yawa ba su koma gida ba, sanyi da yunwa da cuta sun cinye su. A wajen haƙar kuza ne kuma aka tsinci mutum-mutumin yumɓu na farko a ƙauyen Nok a 1928, abin da ya buɗe wa duniya ido kan wata tsohuwar al'umma, har aka gina gidan tarihi na Jos a 1952. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, abin da ya saura na manyan kamfanoni ya watse, aka bar wa Birom da sauran mazauna yankin ɗaruruwan kududdufai da tsibin jar ƙasa daga Rayfield zuwa Bisichi har Barikin Ladi. Yaron da bai taɓa tsayawa bakin ɗaya daga cikinsu ba, ya yi karatun tarihi ne da ido ɗaya.

Tafiya irin wannan a gida ake cinta ko a faɗi. Mako biyu kafin mu tashi muka zauna muka naɗa shugaba, kamar yadda addini ya koya wa matafiya, muka amince cewa in ya ce a juya, an juya, ba gardama. Muka zaɓi rani da gangan, domin ruwan Filato yakan fara tun Afrilu ya kai Oktoba, kuma hanyar burjin da ta yi kyau da safe tana iya zama taɓo kafin la'asar. Muka yi doka cewa mota ɗaya ba ta tafiya ita kaɗai, kuma kowane direba shi ke da alhakin motar da ke bayansa: in ya duba madubi bai gan ta ba, ya tsaya. Kowace mota ta ga makaniki, an duba birki da ruwan inji da tayoyi. Kowace ta ɗauki safaya mai iska, da jak, da katako mai faɗi da za a ɗora jak a kai, da shebur, da igiyar ja mai ƙarfi, da jarkar mai, da ruwan sha na kwana biyu ko da yake wuni ɗaya muka shirya yi, da akwatin magani. Muka rubuta sunayen kowa da lambobin motoci da wuraren da za mu bi, muka bar wa wani ɗan'uwa a cikin garin Jos, muka ce masa in an yi sallar Magariba bai ji daga gare mu ba, ya fara neman mu. Waya takan rasa sabis a bayan duwatsu, saboda haka aka sauke taswira a wayoyi tun muna gari.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda ba a ɓoye ta. Yankunan Barikin Ladi da Riyom da Bokkos sun sha fama da rikici, kuma abin da yake lafiya a wannan mako yana iya canzawa a mako mai zuwa. Mun tambayi mutanen gari da jami'an tsaro kafin mu tashi, aka ce mana ga inda za a bi, ga inda za a bari, muka bari. Da muka isa ƙauyen da muka nufa, wurin mai unguwa muka fara sauka muka yi gaisuwa, muka faɗi abin da ya kawo mu. Baƙo ko da ido makaho ne. Shi ya haɗa mu da wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa a aikin kuza, yanzu yana noman rani a bakin kududdufi, yana shuka kabeji da karas da dankalin Turawa. Kuɗin da muka ba wannan dattijo shi ne kuɗi mafi albarka da muka kashe a tafiyar.

Ba mu yi tafiyar minti goma da ƙafa ba sai ya ɗaga sanda ya ce, "Ku tsaya nan, 'ya'yana, kowa ya bi bayana sahu ɗaya." Gabanmu ciyawa ce busasshiya, ba abin da ido ke gani. Ya sa sandar ya yaye ciyawar, sai ga bakin rami kamar na rijiya, faɗinsa bai wuce mutum ɗaya ya zura jiki ba. Irin waɗannan ne ake kira loto, ramukan da masu haƙa da hannu ke nutsawa ƙasa, sannan su yi ta rarake gefe suna bin jijiyar kuza. Ya ɗauki dutse ya saki. Muka yi shiru, sai can muka ji ƙarar faɗawarsa cikin ruwa. Ya nuna mana wasu huɗu a kewayen da bai fi filin tsakar gida ba. Ya ce ƙasar da muke tsaye a kai ma wataƙila ƙarƙashinta kogo ne. Tun daga nan babu wanda ya sake kauce wa sawunsa.

A bakin babban kududdufin ne zuciyata ta tsinke. Ruwa ne kore shar, kwance lumui, bishiyoyin turare sun kewaye shi, irin wurin da duk mai waya zai so ya ɗauki hoto. Ɗan yayata, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, ya nufi gaɓa yana ɗaga waya. Dattijon ya daka masa tsawa: "Kai yaro, dawo baya!" Ya dawo yana cewa, "Baba, ai da saura kafin baki." Tsohon bai ce komai ba, ya kama hannunsa ya nuna masa wata siririyar tsaga a ƙasa, tana bin gaɓar kamar an ja layi, taku biyu bayan inda ya tsaya. Ruwa ya riga ya cinye ƙarƙashin wurin, abin da ya rage ɓawo ne kawai. Ya ce mana kududdufin kuza ba kamar kogi ba ne da mutum ke shiga a hankali ruwa na hawa daga idon sawu zuwa gwiwa. Inji ne ya yanke shi, bangonsa a miƙe yake, ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan ƙasa kuma sanyi gare shi da ke sandarar da jijiya ko ga gwanin iyo. Ya ce ya halarci jana'izar yara da samari da ruwan nan ya ci, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Wannan ne ya sa nake cewa haɗarin tsohuwar mahaƙa ba ya nuna fuska. Ramin da ya daɗe a rufe yakan rasa iskar shaƙa, ko ya tara iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, musamman inda aka kunna injin jan ruwa ko janareta kusa. Mutum yakan ji jiri ne kawai, sai ya zube. Abin da ya fi ciwo shi ne wanda ya bi shi don ceto yakan zama gawa ta biyu. Saboda haka in wani ya faɗa rami ko ruwa, kada kowa ya bi shi. A jefa igiya, a miƙa sanda, a yi kururuwar neman mutanen gari, a kira lambar gaggawa ta 112. Katakon da aka tokare rufin rami da shi shekaru da dama ya ruɓe. Ko ramin da ake aiki cikinsa yana ruftawa, kamar yadda ya faru a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja cikin watan Yuni na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, balle wanda aka yi watsi da shi tun zamanin kakanninmu. Macizai kuma suna son inuwar irin waɗannan wurare, don haka takalmi mai rufe ƙafa wajibi ne, silifa a bar shi a mota. In an ga wata tsohuwar waya ko akwati da ba a san kansa ba, kada a taɓa, domin ana amfani da nakiya a aikin haƙa.

Kada kuma a kwaso tsaraba daga ƙasa. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, lokacin da gubar dalma da ke cikin dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, saboda ana kai dutsen gida ana daka shi a tsakar gida. A Filato ma baƙin yashin da ake bari bayan an tace kuza yana ɗauke da ma'adinan da ke fitar da tururi mai cutarwa a hankali. Dutse mai ƙyalli ya fi kyau a hoto. A kakkaɓe takalma kafin a shiga mota, a wanke hannu da ruwan da aka zo da shi kafin a ci abinci.

A hanyar dawowa muka ga amfanin zuwa da yawa. Motar gaba, Hilux ce mai jan taya huɗu, ta bi ta kan wani fili da ya yi kama da busasshen yashi, sai ta nutse har gindi, ashe tsohon wurin wankin kuza ne, samansa ya bushe ƙasansa laka. Direban ya so ya ci gaba da taka totur, shugaban tafiya ya ce, "Alhaji, kashe ta haka nan, ƙara binne ta kake yi." Muka share gaban tayoyin da shebur, muka rage musu iska, muka shimfiɗa rassa da duwatsu, aka ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don ja, aka kori kowa nesa domin igiyar da ta tsinke tana iya kashe mutum. Awa ɗaya da rabi muka yi kafin ta fito. Saura wuri guda da muka so gani, amma rana ta yi sanyi, shugaba ya ce a juya, muka juya. Da mota ɗaya ce, da a nan za mu kwana.

Na san akwai iyayen da za su ce, in haka abin yake, me ya kai mutum? Ina girmama wannan tsoro, domin na ƙauna ne. Amma hani kawai bai taɓa tsayar da saurayi ba, sai dai ya sa ya tafi a ɓoye, shi da abokinsa a kan babur, ba igiya, ba ɗan rakiya, ba wanda ya san inda suke. Gara a koya musu yadda ake zuwa. Ɗan yayata ya dawo yana tambayar kakarsa labarin aikin tilas, abin da shekaru goma sha na makaranta ba su sa ya tambaya ba.

Ga hukuma kuma akwai aiki. Dokar ma'adinai ta ƙasa ta 2007 ta ɗora wa masu haƙa nauyin gyara wurin da suka lalata, amma ramukan da aka gada tun zamanin Turawa ba su da mai su sai gwamnati. Ina kira ga gwamnatin jihar Filato da ma'aikatar ma'adinai ta tarayya su cike ramukan loto da ke kusa da gidaje da makarantu, su kafa allunan gargaɗi da Hausa da harsunan yankin a bakin kududdufai, su kuma horar da tsofaffin ma'aikatan kuza su zama 'yan rakiya masu samun abin kansu. Ilimin da ke kan dattijon nan da ya raka mu ba ya cikin kowace taswira, kuma irinsu suna ƙarewa.

Ku kuma matasa masu shirin fita, ku naɗa shugaba, ku tafi da rani, ku gaida mai unguwa, ku bi sawun ɗan gari, ku dawo kafin rana ta faɗi. Ku tsaya nesa da baki ku kalli aikin da kakanninmu suka yi da gumi da rai, ku yi musu addu'a, ku koma wa iyayenku lafiya. Allah ya tsare hanya.