Jos Zuwa Abuja: A Ƙarasa Tagwayen Titi Daga Akwanga

Nisan Jos zuwa Abuja bai kai kilomita 300 ba. Jirgin da ya tashi daga filin Yakubu Gowon na Heipang ba ya cika awa ɗaya a sama. Mai mota kuwa, ta Hawan Kibo da Akwanga da Keffi, yakan share awa huɗu zuwa biyar.

To amma mutum nawa ke iya biyan kuɗin jirgi? Dankalin Bokkos a mota yake isa kasuwannin Abuja, haka ma ɗalibai da marasa lafiya. Tunda an mayar da titin Keffi zuwa Akwanga tagwaye, wajibi ne Gwamnatin Tarayya ta ƙarasa aikin har Jos. Kowane jinkiri, manomi da fasinja ne ke ɗanɗana kuɗarsa.