Filin Uwargida: Kindirmo da Garin Cakulan

Uwargida, idan yara sun nemi abin zaƙi bayan tuwon dare, ba lalle ne sai an sayo kek mai nauyin man shanu ba. Kindirmo ya wadatar.

Ki sami kindirmo kofi 2 wanda bai yi tsami ƙwarai ba, ki ɗaure shi cikin ƙyalle mai tsabta, ki rataye a wuri mai sanyi kamar awa 2 ruwan ya tsiyaye. Nan aikin yake. Wadda ta yi gaggawa, tsararo za ta sha.

Sai garin koko, watau na cakulan irin wanda ake nomawa a Jihar Ondo, ba kokon shan ƙosai ba. Ki tambayi masu kayan kek a Kasuwar Utako. Ki dama cokali 3 da ɗan ruwan zafi har gudajin su mutu, ki bari ya huce sarai, gama zafi yakan tsinka kindirmo. Sa'an nan ki haɗa, ki zuba zuma cokali 2, ki sa a firiji awa guda. In za a ci, ki barbaɗa soyayyar gyaɗa.

In kuwa Bournvita ko Milo kika samu, to, ki ajiye zumar, da sukarinsu suka zo. Mai ciwon sukari kam, garin koko zalla ya fi masa.