Pastel ba allin yara ba ne

Wata magana ta daɗe tana yawo a bakin masu ganin sun san zane: wai pastel allin wasa ne, gwani na ƙwarai sai da fentin mai. Masu wannan ra'ayi ko dai ba su taɓa jin sunan Rosalba Carriera ba, ko kuwa sun ji sun kau da kai.

An haifi wannan baiwar Allah a birnin Benis na ƙasar Italiya a shekarar 1673. Da ƙananan hotuna a kan marfin battar taba ta fara, kafin son launi ya ja ta zuwa ga pastel. Shi kuwa pastel garin launi ne kusan tsantsa, a kwaɓa shi da ɗan ƙaro, a mulmula shi sanda-sanda. Ba buroshi, ba jiran bushewa. Yatsa ke murza shi a kan takarda har kumatu su yi ja, shuɗin alharini ya ɗauki ido. Man da ake shafa wa zanen fenti yakan rine ya dushe da daɗewa, launin pastel kuwa yana nan garau muddin an kāre shi daga rana da laima.

Da ta isa Paris a 1720, sarki Luwi na 15, yana ɗan shekara 10, ya zauna ta zana shi, kuma a shekarar nan Akademin sarauta ta zane ta karɓe ta. Ogusta na 3, sarkin Folan, ya tara ayyukanta fiye da 150 a Dresden. Shin duk waɗannan wasan yara ne ya ruɗe su?

Hujjar masu raini guda ce: wai ba ya da ƙarko, da an taɓa sai ya kakkaɓe. Gaskiya ne, shi ya sa ake sa shi bayan gilashi. Amma yaushe rauni ya zama aibi ga abu mai daraja? Akwai dai lauje cikin naɗi: sana'ar da mace ta ɗaukaka ba ta rasa mai ce mata kwalliya. Ai da Degas ya riƙi sandunan nan yana zana ƴan rawa, ba a ce ya koma yaro ba.

Rosalba ta makance a ƙarshen rayuwarta, ta rasu a 1757. Da dama daga cikin zane-zanenta suna nan rataye a Dresden.