Kam'a Ba Laimar Kwaɗi Ba Ce

 

Wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a GRA ta Katsina ya aiko mana da tambaya a kan hadisin Sa'idu ɗan Zaidu, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, inda aka danganta kam'a da mannu, aka kuma ambaci waraka ga ido a cikin ruwanta. Yana son ya sani ko ita ce laimar kwaɗin da ke fitowa a lambunsa da damina, don ya ɗiga wa mahaifiyarsa.

Muna cewa: kul, kada ya kuskura!

Laimar kwaɗi tana tsayawa bisa kara a sarari, wani irinta ma dafi ne mai kisa. Ita kuwa kam'a ba ta da kara ko ganye. A cikin rairayi take ƙunshe, dunƙulalliya kamar dankali, sai ta ƙosa ƙasa ta tsage a gane wurinta. Masana tsirrai na Turai sun kira wani jinsinta Terfezia, wani kuma Tirmania, sunan da aka raɗa masa a 1892. Tana rayuwa ne manne da saiwar wani ɗan tsiron hamada, tana kuma buƙatar ruwan farkon sanyi, na watannin Oktoba da Nuwamba, lokacin da mu nan hunturu ke ƙaratowa, sama ta ɗauke. Fatakenmu masu zuwa Aljeriya za su ji ana ce mata tarfas, a Saudiyya kuwa faƙa'u.

Ko kam'ar ta gaske ma, malamai sun saɓa a kan ruwanta. Nawawi ya rinjayar da amfani da shi tsantsa, wasu suka ce sai an haɗa shi da wani magani. Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa Salihu da Abdullahi, 'ya'yan Imamu Ahmadu ɗan Hambali, sun matse ta ɗanya suka sa a ido, ciwon ya ƙaru. To, 'ya'yan gidan hadisi ke nan, da kam'a ta haƙiƙa a hannunsu, balle mai tsintar abin da bai san sunansa ba a gindin darbejiya.

Mai tambaya ya kai gyatuma wurin likitan ido tun da wuri, domin idan yanar ido ce, aiki ake yi a cire ta. Allah ya ba ta lafiya. Wallahu a'alamu.